Ribar Shekara Ɗaya Ba Ta Isa Mudu Ba: Yadda Ake Auna Tsadar Hannun Jari

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin mambobinmu ya gabatar a wajen taron cikar shekarun ƙungiya



Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan hannun jari, saboda mambobi da yawa sun fara saye ta waya, har ma an kawo shawarar a zuba wani kaso na asusun ƙungiya a ciki. Ni ba malamin jami'a ba ne. Abin da ya ba ni bakin magana shi ne na taɓa ƙonewa. A shekarar 2007 na sayar da mota ɗaya daga cikin biyun da nake da su, na sayi hannun jarin wani banki, don kawai an nuna mini ribar da ya ci a shekarar da ta gabata, ga shi kuma kowa yana saye. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Legas ya haura maki 66,000. Kafin shekara ta zagayo ya faɗo zuwa wajen 20,000. Motata ta tafi ke nan. Daga baya na zauna na koyi lissafin da zan bayyana muku yau, wanda da na san shi a lokacin, da ban yi wannan ganganci ba.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Idan aka ce maka ga shago na sayarwa a Kantin Kwari, tambayarka ta farko ita ce nawa yake kawowa a shekara. In ana neman naira miliyan 10, shagon kuma yana kawo miliyan 2, ka san cikin shekara 5 uwar kuɗinka za ta dawo. Hannun jari ma haka yake. Wani ɗan yanki ne na kamfani ka saya. Sai ka ɗauki farashin hannu ɗaya, ka raba shi da ribar da hannu ɗayan ya samu a shekara. Abin da ya fita shi ne adadin shekarun da za ka jira. Dillalan kasuwar suna kiran wannan P/E, kuma shi za su fara nuna maka.

Matsalar tana cikin kalmar "shekara". Wace shekarar? A cikin ɗakin nan akwai waɗanda suka ga watan Agustan 2019, lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Mun sake ganin rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. A irin waɗannan shekaru wani ya yi asarar albasa tirela guda a bakin iyaka, wani kuma da ke da shinkafa a sito ya ci ribar da bai taɓa mafarki ba. Wanda ya auna ɗayansu da wannan shekarar kaɗai ya yi kuskure. Na farkon bai talauce har abada ba, na biyun ma ba kullum zai kwana a gado ba.

Kamfanoni ma haka suke. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,400 a cikin 2024. Manyan kamfanoni masu bashin dala, irin su MTN Nigeria da Nestlé Nigeria, suka bayyana asara a ƙarshen 2023, alhali mutane ba su daina kiran waya ko sayen Maggi ba. Bankunan da ke riƙe da daloli kuwa suka bayyana riba mai ɗimbin yawa, har Babban Bankin Najeriya ya hana su raba ribar canjin nan ga masu hannun jari. Wanda ya dubi takardar wannan shekara ɗaya zai ɗauka kamfanin wayar ya mutu, bankin kuma ya haƙo zinariya.

Wannan matsala ta daɗe da damun masana. A 1934, bayan rugujewar kasuwar New York ta 1929, wasu malamai biyu na Jami'ar Columbia a Amurka, Benjamin Graham da David Dodd, suka fitar da littafi mai suna Security Analysis. A ciki suka ba da shawarar a riƙa haɗa ribar shekaru da yawa, biyar zuwa goma, a fitar da matsakaici. A 1988 wasu masana biyu, Robert Shiller na Jami'ar Yale da John Campbell, suka gwada wannan tunani a kan tsofaffin alƙaluman kasuwar Amurka, suna gyara ribar kowace shekara da hauhawar farashi. Ma'aunin da ya fito daga aikinsu shi ake kira CAPE, wasu kuma su ce ma'aunin Shiller. Shi Shiller ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2013.

Ga abin da ma'aunin ya nuna a Amurka. In aka duba fiye da shekara ɗari, matsakaicinsa yana wajen 17. Dab da rugujewar 1929 ya haura 30. A Disambar 1999, lokacin da jama'a suka haukace a kan kamfanonin intanet, ya kai 44. Daga 2000 zuwa 2002 manyan hannayen jarin Amurka suka zubar da kusan rabin darajarsu. A watan Maris na 2009, lokacin da tsoro ya kama kowa ana ta sayarwa, ma'aunin ya sauko wajen 13, kuma waɗanda suka saya a lokacin su suka ci riba a shekarun da suka biyo baya.

To yaya ake yin lissafin? Mataki huɗu ne, kuma duk wanda ya iya lissafin buhu da kuɗin mota da na kwastan zai iya shi.

Na farko, ka nemo ribar hannu ɗaya ta shekaru 10 da suka wuce. Duk kamfanin da ke kasuwar NGX ta Legas, ko BRVM ta Abijan wadda ƙasashen sefa takwas na yammacin Afirka suke tarayya a kanta, ko kasuwar Ghana da ke Ankara, dole ne ya buga rahoton shekara. A bayan rahoton galibi akwai taƙaitaccen lissafin shekaru biyar, ka ga rahoto biyu sun ishe ka.

Na biyu, ka mayar da tsohon kuɗi kuɗin yau. Wannan shi ne matakin da mutane suka fi tsallakewa. Kowa a nan ya san nairar da ta sayi buhun masara shekara goma da suka wuce, yau ba za ta sayi buhun ba. Hukumar ƙididdiga ta kowace ƙasa tana buga ma'aunin farashin kaya. A ce a waccan shekarar ma'aunin yana 100, yau yana 300, wato kaya sun ninka sau uku. Ribar naira 2 ta waccan shekarar daidai take da naira 6 ta yau. Haka za ka yi wa kowace shekara da nata ma'aunin. Ku lura, Najeriya ta sake tushen ma'auninta a farkon 2025, don haka sai a kula kada a gauraya tsohon jeri da sabo.

Na uku, ka tara goman, ka raba gida 10. Na huɗu, ka raba farashin hannun jarin na yau da abin da ya fita.

Bari in ba da misali da wani kamfanin sabulu na ƙirƙira. Bayan an gyara da hauhawar farashi, ribar hannu ɗaya ta shekara goma ta kasance naira 5, 6, 4, 6, 3, sai shekarar da ya yi asarar 2, sannan 4, 5, 4, sai bara da ya ci 15. In ka tara, 50 ke nan. Raba gida 10, naira 5. Yau ana sayar da hannu ɗaya naira 90. Dillali zai ce maka: Alhaji, 90 a raba da 15, shekara 6 kacal kuɗinka sun dawo, araha ce. Kai kuwa da ka yi naka lissafin ka san 90 a raba da 5 ne, wato shekara 18. Sai ka tambaye shi me ya kawo 15 ɗin nan ta bara. In sabuwar masana'anta aka gina, wataƙila ribar ta zauna. In fili aka sayar ko ribar canji ce, ba za ta dawo ba.

Ku juya misalin. A ce shekarar asarar ce ta ƙarshe, mutane suka tsorata, farashin ya faɗo naira 30, alhali matsakaicin yana nan wajen 5. Shekara 6 ke nan ta gaskiya. Nan ne mai haƙuri yake samun araha, in ya bincika ya tabbatar abin da ya jawo asarar mai wucewa ne.

Yanzu in faɗi inda ma'aunin nan yake da rauni, don kada wani ya fita daga nan ya ce na ba shi laya.

Ba ya faɗin rana. A Disambar 1996 Shiller da Campbell suka gaya wa shugabannin Babban Bankin Amurka cewa kasuwa ta yi tsada. Gaskiya suka faɗa, amma kasuwar ta ci gaba da hawa fiye da shekara uku kafin ta faɗo. Abin da ma'aunin ke nuna maka shi ne ko ka saya da tsada ko da araha, da irin abin da za ka iya sa rai cikin shekara goma. Bai san abin da zai faru watan gobe ba.

Na biyu, shi Shiller a kan kasuwa gaba ɗayanta ya gina shi, inda kamfanoni ɗaruruwa ke rufa wa juna asiri. In za ka auna kamfani ɗaya, sai ka ƙara da tambayar ko kamfanin yau shi ne na shekara goma da suka wuce. Wani ya girma ƙwarai, tsohuwar ribarsa za ta sa ka ga kamar ya yi tsada. Wani kuma kasuwarsa ta mutu, tsohuwar ribarsa za ta sa ka ga kamar araha ne. Bankunan Najeriya sun ƙara yawan hannayen jarinsu a 2005 da aka ce kowane ya tara naira biliyan 25, sun kuma sake yi bayan umarnin 2024. In hannaye suka ƙaru, ribar tana rabuwa ga mutane da yawa, kamar tuwon da aka ƙara wa baƙi. Saboda haka ribar hannu ɗaya za ka bi, kada jimillar ribar kamfani ta ruɗe ka.

Na uku, 17 ɗin nan ta Amurka ce. Kada a ɗauko ta a ɗora wa Legas ko Abijan. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin ɗari, a Ghana kuma ta kai kashi 54 a ƙarshen 2022. Inda kuɗi ke narkewa haka, kuma haɗari ya fi yawa, mai saye yana da haƙƙin neman kuɗinsa su dawo da wuri. Ka gwada kamfani da tarihin kansa, ka gwada shi da takwarorinsa na ƙasarsa.

Na huɗu ya shafe mu kai tsaye, mu masu aljihu biyu. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, shi ya sa farashi a ƙasashen sefa bai cika gudu kamar na naira ba. Amma dattawanmu suna tuna Janairun 1994, da aka wayi gari an raba darajar sefa biyu. Ɗan Maraɗi da ya sayi hannun jari a Legas, ya yi lissafin da naira da ma'aunin farashin Najeriya, sannan ya tuna cewa ranar da zai kai kuɗin gida sai ya bi ta hannun ɗan canji. Riba a naira tana iya zama asara a jaka.

Na ƙarshe, lissafi ba ya gyara ƙarya. In littafin kamfani na bogi ne, matsakaicinsa ma na bogi ne. A watan Agustan 2009 Babban Banki, ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin wasu bankuna bayan bincike ya gano ɗimbin bashin da ba a biya. Ka duba ko kamfanin yana raba wa masu hannun jari riba a hannu shekara bayan shekara, domin kuɗin da ya shiga asusunka ya fi wuyar ƙirƙira a kan wanda aka rubuta a takarda.

'Yan'uwa, ko wanda ba zai taɓa sayen hannun jari ba yana da amfani da wannan lissafi. Ranar da abokin cinikinka zai fita daga haɗin gwiwa, ko za a raba gadon shago, ko za ka sayi rabin motar wani, rigimar kullum a kan ƙima take. Mai sayarwa ya kawo shekarar da ta fi kyau, mai saye ya kawo wadda ta fi muni, zumunci ya lalace. Da za a zauna da littafin shekara goma, a mayar da shi kuɗin yau, a fitar da matsakaici, da an rage zuwa gaban alƙali. Sai dai wannan yana buƙatar littafi, kuma da yawanmu a ka muke ajiye lissafi. Ina roƙon matasanmu su fara rubutawa daga bana.

Game da asusun ƙungiya, shawarata ga kwamiti ita ce kada a sayi hannun jarin kowane kamfani sai an kawo wa babban taro takarda ɗaya mai ɗauke da ribar shekara goma, da gyaran hauhawar farashi, da adadin shekarun da suka fita, da bayanin duk shekarar da ta fita daban. Kuɗin nan na marayun mambobinmu ne da na wanda kayansa suka ƙone a hanya. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Mu shekara goma kawai muke nema a nuna mana.

Duk mai son mu yi lissafin tare, na zo da rahoton kamfanoni biyu, ina nan bayan an ci abinci. Allah ya ƙara wa ƙungiya albarka, ya mayar da kowa gidansa lafiya.