Ja da Shuɗi: Yadda Hoto Ke Samun Zurfi



Duk wanda ya bi hanyar Bichi ko ta Dambatta ya san yadda gona ke manne da gona, ga ɗorawa, ga kuka, ga gawo. A 1965 Jami'ar Ahmadu Bello ta wallafa binciken Mortimore da Wilson a kan wannan ƙasa mai cunkoson jama'a da ke kewaye da Kano. Mai nazarin irin wannan ƙasa ba shi da abokin aiki kamar hoton da aka ɗauko daga jirgin sama. To, amma hoto shimfiɗaɗɗe ne. Ta yaya za mu gane zurfin kwazazzabo ko tsayin itace a cikinsa?

Tsakanin idanunmu biyu akwai kimanin santimita 6 da rabi, saboda haka kowane ido da kusurwar da yake hango abu. Ƙwaƙwalwa ce ke haɗa biyun, ta fitar da nisa da zurfi. Jirgi ma haka yake yi: yana ɗaukar hotuna a jere, kowanne ya maimaita kamar kashi 60 cikin 100 na wanda ya gabace shi.

Dabarar da Bajamushe Wilhelm Rollmann ya bayyana a 1853, Bafaranshe Ducos du Hauron kuma ya yi wa rajista a 1891, ita ce a buga hotunan biyu a takarda ɗaya, guda da jan tawada, guda da shuɗi mai sirkin kore. Sai mai kallo ya sa tabarau, ja a hagu, shuɗi a dama. Jan gilashi jan haske kaɗai yake bari ya wuce, don haka farar takarda da jan tawada duk su zama ja, jan hoton ya ɓace, shuɗin ya fito baƙi. A idon dama kuwa akasin haka ne. Ke nan kowane ido ya sami nasa hoton shi kaɗai, nan take itatuwa su miƙe, kwari ya lotsa. In launin tawada bai dace da na gilashi ba, hoto ɗaya ya kutsa cikin ɗayan, ido ya gaji.

'Yan'uwa, wannan ya wuce wasan yara. Inda ƙasa ta yi ƙaranci, taki ɗaya da zaizaya ta cinye abincin wani gida ne. In muka gwama tsohon hoto da sabo, sai mu ga inda kwazazzabo ya ci gaba da inda itatuwa suka ragu ko suka ƙaru, mu gaya wa hukuma da hujja. Iyayenmu da ke noma gonakin nan su suka turo mu karatu, haƙƙinsu ne mu iya karanta musu ƙasarsu.