Barkwanci Ma Sana'a Ne, Muddin Ba a Haɗa da Kayan Wani Ba



Mai girma shugaban wannan ƙungiya tamu, shugaban makaranta, iyayenmu malamai na da da na yanzu, yayyenmu da suka riga mu fita, abokan karatuna, da ƙannenmu da ke zaune can baya, ina yi muku barka da zuwa, tare da fatan kowa ya baro iyali lafiya.

Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan hanyoyin da matasa za su bi su nemi na kansu ba tare da jiran aikin gwamnati ba. Mu da muke cikin aikin gwamnatin mun san yawan takardun neman aiki da ke shigowa, mun kuma san ƙarancin guraben. Saboda haka na zaɓi in kawo muku labarin wata 'yar sana'a wadda watakila wasunmu ba su taɓa jin ta ba, wato ta masu yi wa finafinai sharhin ban dariya suna sayarwa ta intanet. Na san akwai daga cikin malamanmu waɗanda za su ce wannan ai shiririta ce. Ina roƙon a yi mini haƙuri na ɗan lokaci, domin a cikinta akwai darasi game da bambancin abin da yake naka da abin da yake na wani.

Abin ya samo asali ne daga Amurka. A watan Nuwamba na 1988, wani ɗan wasan barkwanci mai suna Joel Hodgson ya fara wani shiri a wata ƙaramar tashar talabijin da ake kira KTMA, a birnin Miniyapolis na jihar Minisota. Sunan shirin Mystery Science Theater 3000. Labarinsa shi ne, wasu mugayen masana kimiyya sun tsare wani bawan Allah a cikin kumbo can sararin samaniya, suna tilasta masa kallon finafinan da ba su yi kyau ba, su ga ko zai zautu. Shi kuwa sai ya ƙera wa kansa mutum-mutumi don su taya shi hira. Mai kallo a gida yana ganin fim ɗin yana tafiya, a ƙasan hoton kuma ga inuwar su uku zaune kan kujerun sinima, suna ta yi wa fim ɗin ba'a. In jarumi ya yi wauta su faɗa, in darakta ya yi kuskure su nuna. Shirin ya karɓu, a 1989 ya koma tashar da ake kamawa a duk faɗin ƙasar, a 1993 Michael Nelson ya karɓi wurin Hodgson, aka ci gaba har 1999 lokacin da aka dakatar da shi. Magoya bayansa ba su haƙura ba, domin a 2015 sun tara fiye da dala miliyan 5 ta intanet, aka dawo da shi a Netflix a 2017.

To amma tun farko shirin yana da wata matsala. Tun da yake hoton fim ɗin ake nunawa, tilas sai an biya mai fim kafin a taɓa masa kaya. Wannan ya sa ƙananan finafinai masu araha kaɗai suke iya samu, manyan kuwa sai dai hange daga nesa. A 2006 Nelson ya fito da wata dabara, aka buɗe wani shafi a intanet mai suna RiffTrax. Dabarar ita ce, ba zai sayar maka da fim ba ko daƙiƙa ɗaya. Muryarsa kaɗai zai sayar maka. Ka biya 'yan daloli ka sauke muryar, ka nemo naka faifan fim ɗin wanda ka saya ko ka yi haya, ka kunna su tare. Fim na farko da ya yi wa haka shi ne Road House na 1989. Daga baya abokan aikinsa biyu na tsohon shirin, Kevin Murphy da Bill Corbett, suka shigo. Kun ga ta wannan hanya babu wanda aka zalunta. Mai fim ya sami cinikin faifansa, mai barkwanci ya sami ladan bakinsa, mai kallo kuma ya sha dariya.

Wahalar da ke cikin abin ita ce daidaita murya da hoto, domin ba'a in ta makara da daƙiƙa biyu ta zama lami. Maganin da suka yi shi ne, sun sa wata murya irin ta na'ura mai suna DisembAudio, wadda kan maimaita wata magana ta cikin fim ɗin jefi-jefi. In ka ji ta faɗa daidai da ɗan wasan, to kana kan hanya, in ta riga shi ko ya riga ta, sai ka ɗan tsayar da ɗaya ka jira ɗayan. Akwai kuma wani abu da malamin lissafinmu zai ji daɗinsa. Ana ɗaukar fim ɗin sinima ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa, amma tsarin talabijin na PAL, wanda Ingila da Nijeriya suka bi, yana nuna 25. Ke nan fim mai awa biyu yakan ragu da kusan minti biyar a faifan PAL. Wannan ya sa sai da suka riƙa fitar da murya iri biyu, ɗaya don faifan Amurka, ɗaya don na PAL.

Abin da ya fi jan hankalina ya faru ne a 2008, lokacin da suka buɗe wani sashe mai suna iRiffs, suka ce duk mai kallon da yake jin zai iya, ga fili ga mai doki. Mutum ya zaɓi fim, ya rubuta barkwancinsa, ya ɗauki muryarsa a ɗakinsa, ya ɗora a shafin, in an saya a raba kuɗin tsakaninsa da masu shafin. Nan take 'yan kallo suka zama masu sana'a, wani shi kaɗai, wasu abokai biyu ko uku. Jarinsu bai wuce kwamfuta da makirfo ba, sai manhajar gyaran sauti, wadda akwai ta kyauta irin su Audacity.

Kada ƙannenmu su ɗauka zama kawai ake yi a buɗe baki. Wanda ya ji sharhin zai zaci a take maganar ta zo, alhali kuwa rubutacciya ce. Sai mutum ya kalli fim ɗin sau da yawa, yana tsayarwa yana rubuta minti da daƙiƙar da zai jefa kowace magana, yana neman gurbin da 'yan wasa suka yi shiru don kada ya danne musu zance. Fim ɗaya yakan ci ɗaruruwan ba'a, kuma wadda ta ba marubucinta dariya ba lalle ta ba wani ba. Ban kuma ce hanya ce ta yin arziki dare ɗaya ba. Mai saye ya fi miƙa kuɗinsa ga muryar da ya riga ya sani, sabon shiga kuwa sai ya daure kafin a san da shi.

Akwai finafinan da ake iya sayarwa hoto da murya a haɗe, wato waɗanda suka zama na kowa da kowa, ko don wa'adin haƙƙin mallakarsu ya ƙare, ko don wani dalili na doka. Misali shi ne Night of the Living Dead na 1968, wanda masu rarraba shi suka fitar ba tare da alamar haƙƙin mallaka ba, dokar Amurka ta lokacin kuwa ta wajabta sa alamar. Amma inda mai kaya yake riƙe da kayansa, iyakar a fili take. A 2004 wani mai zane mai suna Brad Neely ya ɗauki wani labari na ban dariya da ake saurara tare da fim ɗin Harry Potter na farko, ya sake shi kyauta, ya kuwa bazu. Da gidajen sinima suka fara nuna fim ɗin tare da muryarsa, a 2005 kamfanin Warner Bros. ya sa baki aka fasa nunin. Murya tasa ce, hoto kuwa ba nasa ba ne.

Jama'a, yi wa fim magana ba baƙon abu ba ne a wajen Amurka. A Japan, zamanin finafinai marasa sauti, akwai waɗanda ake kira benshi, masu tsayawa gefen allo suna ba da labari, har wasu 'yan kallo saboda su suke zuwa. A Yuganda akwai masu fassara finafinai da harshen Luganda a gidajen kallo suna haɗawa da raha, kuma fim ɗin Who Killed Captain Alex? na 2010 ya zaga duniya ne ɗauke da muryar ɗaya daga cikinsu, VJ Emmie. Mu ma nan kowa ya san finafinan Indiya da aka juya zuwa Hausa, inda za ka ji jarumin Indiya yana karin magana kamar haifaffen Fagge. Gwaninta kam akwai ta, ba wanda zai musa. Inda gizo ke saƙar shi ne, duk wanda ya ɗora muryarsa a kan fim ɗin wani, ya sayar da su a haɗe ba tare da izini ba, ya sayar da abin da ba nasa ba. Mu da muke jin kukan 'yan fim ɗin Hausa kullum a kan masu satar fasaha, bai kamata mu ga halaccin abin ba don kawai mai kayan yana nesa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta bar sarari ga kwaikwayo na raha da zambo in an yi shi bisa adalci, amma wannan ba izini ba ne na ɗaukar fim sukutum a kai kasuwa.

Wani zai ce dabarar Nelson ba za ta yi aiki a nan ba, tun da yawancin mutanenmu a waya suke kallo, kuma ba kowa ne zai zauna daidaita na'ura biyu ba. Wannan gaskiya ne. Amma muna da wata ƙofa wadda ta fi tasu sauƙi. Tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau an yi finafinan Hausa masu ɗimbin yawa, da yawansu suna nan jibge ba mai waiwayarsu, kuma masu su ba a wata uwa duniya suke ba, suna nan Kano da Kaduna da Jos. Me zai hana yaro mai baiwar magana ya je ya yi sallama da mai fim, su yi yarjejeniya a rubuce gaban shaidu, shi ya kawo murya, wancan ya kawo hoto, abin da aka samu a raba? Tsohon fim ya sami sabuwar kasuwa, yaro ya sami abin yi, kuma kowa ya kwana da kwanciyar hankali.

Sai dai a kula, raha daban, cin mutunci daban. Mu mutane ne da suka gaji wasa tsakanin taubasai, da tsakanin jika da kaka, da Fulani da Barebari, da Kanawa da Zazzagawa, kuma duk zafin wasan akwai inda ba a kaiwa. A yi wa labari ba'a, a yi wa kuskuren aiki ba'a, amma a bar halittar mutum da iyayensa da addininsa. Wanda zai fitar da aikinsa a Kano kuma ya tuna akwai hukumar tace finafinai tun 2001, ya bi ƙa'idarta.

Daga ƙarshe ina da roƙo guda biyu ga wannan ƙungiya. Na farko, cikin abin da muke tarawa don makaranta a ware wani abu a saya wa ƙungiyar wasan kwaikwayo da ta muhawara makirfo da kwamfuta, ko da guda ɗaya ce, domin yara su koyi rubuta magana da ɗaukarta. Na biyu, lauyoyin da ke cikinmu su ba da rana ɗaya a kowane zangon karatu, su zo su koya wa 'yan ajin ƙarshe ma'anar haƙƙin mallaka da yadda ake rubuta yarjejeniya. A kowane aji akwai yaron nan da in ya buɗe baki sai kowa ya riƙe ciki, wanda sunansa ba ya fita daga takardar masu surutu. Kowannenmu ya san na ajinsu, wasunsu ma ga su nan ina hange. Iyayenmu malamai, ban ce a daina tsawata masa ba, amma bayan an tsawata a nuna masa cewa bakin nan nasa zai iya ciyar da shi ta hanyar halal.

Allah ya jiƙan malamanmu da abokanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya, ya ɗaukaka wannan makaranta tamu, ya maida kowa gidansa lafiya.