Ciwon Fatar da Hasken Rana Ke Tayarwa

 A shirinmu na kiwon lafiya na yau, za mu tattauna kan wani nau'in ciwon lufus da ba kasafai ake ganinsa ba, wanda likitoci ke kira lupus tumidus. Wani likitan Jamus, Erich Hoffmann, shi ya fara bayaninsa a 1909.

Lufus dai ciwo ne da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin mai ita. Shi wannan nau'in a fata yake tsayawa, da wuya ya taɓa ƙoda ko gaɓoɓi. Sai ka ga fata ta tasa, ta kumbura sumul, babu ɓawo babu ruwa, galibi a fuska, wuya, ƙirji, gadon baya ko damatsa. A jikin mai hasken fata ja take yi, a baƙar fata kuwa duhu take ƙarawa. In ta warke ba ta barin tabo, amma kumburin yakan dawo.

To ga inda gizo ke saƙar. Hasken rana ne ke tayar da shi, sai dai ba nan take ba. Mutum zai wuni a gona ko kasuwa yau, kumburin ya fito bayan kwanaki, wani lokaci har makonni. Shi ya sa ba a zargin rana. Sai a ce makero ne ko borin jini, a yi ta shafe-shafe a banza.

Jama'a, ciwon nan ba ya yaɗuwa, kuma ba sammu ba ne. Likitan fata kan yanki ɗan ƙanƙanen sashe na fatar a duba a ɗakin gwaji. Maganin da aka fi bayarwa shi ne hydroxychloroquine, ɗan'uwan kulorokwin na zazzaɓin cizon sauro. Kada a saya a kemis a sha kai tsaye, domin mai shansa na buƙatar gwajin ido lokaci-lokaci. Taba sigari kuma tana rage masa ƙarfi.

Mai wannan lalura ya guji rana daga hantsi zuwa la'asar. Ya sa malfa da riga mai dogon hannu, ya riƙe laima, ya shafa man kariya daga rana mai lamba 50. Hazon hunturu da gilashin taga ba sa tare hasken gaba ɗaya.

In kumburi yana zuwa yana tafiya, a tuna ranakun da aka sha rana kafin fitowarsa, a faɗa wa likita. Allah Ya ƙara mana lafiya.