Cimar 'Ya'yan Salwa: Abin Da Ma'auni Ya Nuna

Daga nan birnin Washinton, batunmu na yau shi ne kiwon salwa, musamman irin ta ƙasar Japan, wadda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom ta shigo da ita Nijeriya a shekarar 1992.

Ɗan salwa yakan fito daga ƙwai bayan kwanci na kwana 17 ko 18, nauyinsa bai kai giram 10 ba. Amma cikin mako shida zuwa bakwai sai ka tarar tamatar ta fara saka ƙwai. Tsuntsun da ke girma da irin wannan hanzari ba ya jure ƙarancin abinci mai gina jiki, wato furotin, ko na 'yan kwanaki.

A shekarar 1994, Majalisar Bincike ta Ƙasa da ke nan Washinton ta buga ma'aunin cimar tsuntsayen kiwo. Ta ce ɗan salwa mai tasowa yana bukatar furotin kashi 24 cikin ɗari na abincinsa. To, masara tsurarta ba ta wuce wajen kashi 9. Saboda haka tilas mai kiwo ya haɗa ta da tunkuzar waken soya ko ta gyaɗa, waɗanda ke ɗauke da fiye da kashi 40, ya kuma ƙara ɗan garin kifi.

Sai kuma sinadarin kalsiyam, mai ƙarfafa ƙashi da ɓawon ƙwai. A nan ne masu kiwo da yawa suke tuntuɓe. Ɗan salwa mai tasowa kashi 0.8 kacal yake bukata, alhali kuwa mai ƙwai tana neman kashi 2.5. Wanda ya ɗebi abincin kaji masu ƙwai ya zuba wa 'yan tsaki don neman sauƙi, ya ba su kalsiyam ninkin-ba-ninkin abin da jikinsu zai ɗauka. Wannan na iya lahanta musu ƙoda, ya kuma tauye girmansu. Idan kuwa sinadarin ya gaza, ƙafafu su yi laushi, tsuntsu ya gurgunce.

Shawararmu ita ce: a niƙa abincin da laushi daidai bakinsu, a ajiye ruwa mai tsabta kullum, kada kuma a ƙara garin ƙashi ko farar ƙasa fiye da kima sai lokacin ƙwai ya gabato. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. A kiwon salwa, makonni shida na farko su ne ke yanke hukuncin riba ko asara.