Italiya zango ce kawai? Ku ji yadda abin yake



Masu kai mutane Turai ta Agadas da Libiya suna da wani daɗin baki: "Kwana biyu kawai za ka yi a Italiya, ka wuce Jamus." To, ku saurara.

In Allah ya sa ka tsallake Bahar Rum da rai, jirgin ceto zai sauke ka a gari irin Pozzallo, a tsibirin Sisili. Da saukarka za a ɗauki zanen yatsunka. A dokar Tarayyar Turai kuwa, ƙasar da ka fara shiga ita ke duba buƙatarka ta mafaka. Ko ka kai Jamus, kwamfuta ta san ka, ana iya maido ka. Faransa ma tun 2015 take tsare iyakarta ta kusa da Ventimiglia.

Ka ga kwana biyu ya koma shekaru. Wasu suna can suna tsinkar tumatir a gonakin Foggia, ba takarda, ba ladan kirki.

Ɗan'uwa, kafin ka sayar da gonar gado, tambayi mai kai ka: bayan an ɗauki yatsuna, ta ina zan wuce?

Ku turo ra'ayoyinku. Sai mako mai zuwa, in sha Allah.