Kwana ɗaya a kan teku: yadda nake shirya tafiyata ta farko

Waɗanda suka daɗe suna bin shirin nan sun san shekara biyu ke nan ina koyon tuƙin jirgin ruwa a kudancin Ingila, irin ƙaramin nan mai ƙyalle wanda iska ke turawa. Duk fitar da na yi zuwa yanzu ta yini ce, a fita da hantsi a dawo kafin magariba. To wata mai zuwa in Allah ya yarda zan ja jirgi da kaina, mu huɗu, mu kwana a wata tashar, washegari mu dawo. Biyu daga cikinmu ba su taɓa hawa teku ba, kuma ɗaya ƙanen matata ne. Kun ga ke nan amana ce a wuyana.

Bari in fara da wurin. Tsakanin gaɓar Ingila da tsibirin Isle of Wight akwai wani zirin teku da ake kira Solent. Za mu tashi daga Portsmouth mu nufi yamma zuwa wani ɗan gari a tsibirin mai suna Yarmouth. Nisan bai wuce mil 20 na teku ba, kuma mil ɗaya na teku mita 1,852 ne. Wato kilomita talatin da 'yan kai. A mota abin dariya ne. A jirgin da gudunsa mil 5 ne a awa, sai ka zauna ka yi lissafi.

Abin da mutanenmu na tudu ba mu saba da shi ba shi ne wannan: teku ba ya zama wuri ɗaya. Sau biyu a rana yana cika yana janyewa, tsakanin cika da cika kusan awa 12 da minti 25, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kamar minti 50. A Portsmouth idan abin ya yi ƙarfi, bambancin cika da janyewa yana kai mita 4. Ruwan da yake shiga yana fita ɗin nan gudu yake yi kamar kogi, wajen awa shida ya yi yamma, ya juyo ya yi gabas.

Yanzu ku yi lissafin tare da ni. Jirgi yana mil 5, ruwa yana gudun mil 2. In kun bi hanya ɗaya, mil 7 kake yi, ka isa cikin awa uku. In ka saɓa masa, mil 3 kake yi, awa bakwai kana fama, dare ya same ka a hanya da mutane biyu suna amai. Jirgi ɗaya, hanya ɗaya, bambancin kawai ƙarfe nawa ka kwance igiya. Shi ya sa da ƙanen nan nawa ya ce "Yaya, mu tashi ƙarfe goma mana, mu samu mu yi barci," na ce masa ai ba ni ke yanke lokaci ba.

Wata ne ke yankewa, kuma a nan mu masu lissafin watan Musulunci mun samu sauƙi. Ruwa ya fi ƙarfi kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar sabon wata, da kuma bayan wata ya cika, wajen 15 zuwa 16. Ya fi laushi wajen 8 ga wata da wajen 23. Don haka tun kafin in buɗe littafin jadawalin ruwa na san makon da nake so. Na zaɓi mai laushin. A irin waɗannan ranaku cikar ruwa a Portsmouth tana faɗowa da sassafe, kuma daf da cikar ne ruwan Solent yake juyawa yamma. Ma'ana muna idar da asuba sai shiri. Dawowa kuma sai wajen azahar washegari, lokacin da ya juyo gabas.

Sai iska. A can yawanci daga kudu maso yamma take busowa, wato daidai inda muka dosa. Matsala biyu ke nan. Ta farko, jirgin ƙyalle ba ya shiga cikin iska kai tsaye, sai dai ka yi ta karkata dama da hagu, tafiyar ta ƙara tsawo. Ta biyu ita ce wadda ta fi damuna: idan ruwa yana yin yamma iska kuma tana turo shi gabas, igiyar ruwa takan tashi gajeru masu tsini, jirgi ya yi ta dukan ƙirji. Ba lallai ya zama haɗari ba, amma sabon shiga zai tsani teku har abada.

Ana auna iska da ma'aunin Beaufort, daga 0 zuwa 12, sunan wani hafsan sojan ruwan Birtaniya da ya tsara shi a 1805. Mataki na 4 daɗi ne, na 5 aiki ne, na 6 ga ƙaramin jirgi ya fara zama wahala, na 8 guguwa ce. Hukumar hasashen yanayi ta Met Office tana fitar da hasashen bakin gaɓa sau huɗu a rana. Ni dai na rubuta ƙa'idata a takarda na tura wa kowa tun yanzu: in aka ambaci mataki na 6, ko hazo, babu tafiya. Na rubuta ne da wuri saboda na san halin ɗan Adam. Ranar da aka biya kuɗin hayar jirgi, kowa ya ɗauki hutu a wurin aiki, an soya nama, a ranar zuciya za ta fara cewa ai ba komai, Allah zai kiyaye. Allah yana kiyayewa, amma ai an ce ka ɗaure raƙuminka.

Akwai kuma manyan jirage. Southampton babbar tasha ce, daga nan Titanic ya tashi a 1912, kuma har yau jiragen kwantena da na yawon shaƙatawa suna ratsa tsakiyar Solent. A wurin da suke yin kwana kusa da garin Cowes, doka ta ce duk jirgin da ya wuce mita 150, kada ƙaramin jirgi ya shiga mita 1,000 a gabansa ko mita 100 a gefensa. Ba shi da birki, ba shi da wurin kaucewa. A gefen wurin kuma akwai tudun yashi a ƙarƙashin ruwa, Bramble Bank, wanda idan ruwa ya janye sosai har fitowa yake, Turawa su je su buga wasan kurket a kai sau ɗaya a shekara. Abin dariya, amma jirginmu yana buƙatar zurfin kusan mita biyu. Saboda haka na ja layina ta gefen tsibiri, na rubuta sunan kowace alama da za mu wuce bi da bi, a takarda, da fensir. Waya tana da taswira, na sani. Waya kuma tana jiƙewa, caji yana ƙarewa.

A takardar nan na sa wuraren fakewa. Cowes tana kusan rabin hanya, in wani ya galabaita nan za mu shiga mu kwana, ba wanda zai ce an fasa. In Yarmouth ta cika, don da bazara a ƙarshen mako cika take, Lymington tana tsallake. Abin da ba zan yi ba shi ne in wuce Yarmouth zuwa mashigar Hurst, inda zirin ya tsuke ruwa yake gudun da ya wuce mil 4. Wannan sai wata shekarar.

Kaya ba zan daɗe a kansu ba. Rigar ceto kowa zai sa tun daga kan gada, ba sai an ga alamar matsala ba. Ruwan can ko da bazara sanyi ne da shi, kuma wanda ya faɗa ruwan sanyi, a mintin farko numfashi ke ƙwace masa ko da gwanin iyo ne. Ƙungiyar ceto ta RNLI, wadda take aiki tun 1824, shawararta ita ce ka kwanta rigingine ka bar ruwa ya ɗauke ka har numfashi ya daidaita. Sai rigunan sanyi, hula, tocila, maganin jiri da za a sha kafin a tashi, citta, shayi a fulas, dabino, kilishi da burodi. Abincin rana a haɗa shi tun a tasha, don wanda ya sauka ciki yana girki jirgi na rawa shi ne farkon amai.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne minti ashirin kafin mu tashi. Tambayar da nake yi wa kaina: in ni ne na faɗa ruwa fa? Don haka kowa sai ya koyi tayar da inji, da sakin ƙyalle, da riƙe rediyon oba-oba ya kira tasha ta 16, ya ce Mayday sau uku, ya faɗi sunan jirgi da inda muke. Mutum ɗaya aikinsa kawai ya nuna wanda ya faɗa da yatsa, kada ya ɗauke ido, domin kan mutum a cikin igiyar ruwa bai fi ƙwallo ba. A tudu kuma matata tana da kwafin takardar, da lokacin da ya kamata ta ji daga gare mu. In lokacin ya wuce da awa biyu shiru, ta kira 999 ta nemi masu gadin gaɓar teku.

Na so mu kwana a kan anga a Newtown, wani lungu mai shiru kafin Yarmouth. Na fasa. Kwanan anga yana nufin in tashi cikin dare ina duba ko mun ja, ga ruwa yana hawa yana sauka. Daren farko gara a ɗaure a tasha, inda akwai bayi da wurin alwala, kowa ya yi barci.

Ranar Laraba kafin tafiyar zan fara bin hasashe, ranar Juma'a da daddare in yanke. In an je, za ku ji labari a shiri na gaba. In ba a je ba ma za ku ji dalili. Masu tambaya kan kuɗin haya da na koyo, na ga saƙonninku, wannan shiri ne guda, za mu yi shi daban. Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.