Doris Day: Matar da Ta Tara, Wasu Suka Kwashe

Yau tafiyar tamu mai nisa ce, don Amurka za mu leƙa, mu ji labarin wata mawaƙiya kuma 'yar fim mai suna Doris Day, wadda ta yi tashe tun kafin a haifi da yawa daga cikinmu. Na san wata za ta ce, to mu ina ruwanmu da labarin Baturiya? Ki ɗan matso da rediyon kusa, ki ci gaba da tsintar shinkafarki. Matar nan ta yi shekara 20 tana tara kuɗi a harkar fim, ran da mijinta ya mutu ta waiwaya ta tarar babu ko sisin kwabo, sai bashi.

An haife ta ranar 3 ga Afrilu, 1922, a birnin Sinsinati da ke jihar Ohayo. Sunanta na yanka Doris Kappelhoff, jikar Jamusawa ce da suka yi ƙaura zuwa Amurka. Ubanta malamin kiɗa ne, amma auren iyayen bai yi ƙarko ba, tana yarinya suka rabu, ta tashi a hannun mahaifiyarta Alma. Wani abin dariya, ta daɗe tana cewa a 1924 aka haife ta, sai a 2017 da 'yan jarida suka tono takardar haihuwarta aka gane ashe ta girmi hakan da shekara biyu. Kin ji fa, ita da takarda tun asali ba su cika shiri ba.

Da fari rawa ta sa a gaba, ba waƙa ba. Ana cikin shirin tafiya Holiwud, garin da ake shirya finafinan Amurka, sai a watan Oktoba na 1937 jirgin ƙasa ya buge motar da take ciki, ƙafarta ta dama ta kakkarye. Tana da shekara 15. Rawa ta ƙare ke nan. Ta yi wata da watanni a ɗaka tana jinya, ba fita ba shiga, abokin hirarta ɗaya ne, wannan akwatin da kike saurarona a cikinsa yanzu. In an sa waƙa sai ta bi, musamman ta wata baƙar fata mai suna Ella Fitzgerald, tana lura da yadda take fitar da kowace kalma tsaf ba tare da ta daddage ba. Uwar ta ji muryar, ta ce a'a, wannan ba ta zama a ɗaka ba ce. Ta kai ta wurin wata malamar waƙa, Grace Raine, ita kuwa da ta ji yarinyar sai ta riƙa ba ta darasi uku a mako a kan kuɗin darasi ɗaya. Daga nan ta fara waƙa a gidan rediyon garinsu, wani mai ƙungiyar makaɗa, Barney Rapp, ya ɗauke ta aiki, ya ce sunan Kappelhoff ya yi tsawo a allon talla, ya mayar da ita Doris Day. A 1945, tana tare da ƙungiyar Les Brown, ta yi waƙar Sentimental Journey daidai lokacin da sojojin Amurka ke komawa gida daga Yaƙin Duniya na Biyu. Waƙar ta shiga kowane gida.

Ta fannin aure kuwa, sai dai a ce Allah ya kyauta. A 1941, ba ta kai shekara 20 ba, ta auri wani mai busa ƙaho, Al Jorden, mutum mai baƙin kishi da saurin hannu. Duka yake mata har tana da ciki. Ta haifi ɗanta tilo, Terry, a 1942, a 1943 auren ya mutu, ta bar yaron wurin uwarta ta koma neman abin da za su ci. Aure na biyu da George Weidler a 1946 shi ma bai je ko'ina ba. Ki riƙe wannan a ranki, don shi zai sa ki fahimci abin da ya biyo baya. Macen da ta sha duka a gida ɗaya, aka tafi aka bar ta a na biyu, in ta samu wanda zai ce mata “kawo kayan in ɗauka, ke ki huta”, wallahi ba za ta tsaya bincike ba.

Fim ɗinta na farko, Romance on the High Seas, ya fito a 1948 a kamfanin Warner. Irin finafinan nan ne da ake tsayar da labari a yi waƙa da rawa, kamar dai yadda muka saba gani a finafinan Indiya. Bambancin shi ne, a Indiya galibi wata ce ke rera waƙar a ɗakin ɗaukar murya, irin su Lata Mangeshkar, 'yar wasa ta motsa baki kawai. Doris kuwa da muryarta take yi, ita ce fuskar ita ce muryar, shi ya sa kuɗi ke shigo mata ta ƙofa biyu, na fim da na faifai.

A 1951, ranar zagayowar haihuwarta, ta auri Martin Melcher, ɗaya daga cikin wakilan da ke nemo mata aiki. Ya karɓi Terry ya ba shi sunansa, ya zama miji, ya zama manaja, daga baya ya zama mai shirya finafinanta. Duk abin da ya shafi kuɗi da kwantiragi ya koma hannunsa, yana da ikon sa hannu a madadinta. Shi kuma ya miƙa kuɗin ga wani lauya, Jerome Rosenthal, wanda tun 1949 yake mata aiki. Ita dai nata ta tashi da asuba ta tafi wurin ɗaukar fim.

Kuma ta yi aikin. A Calamity Jane na 1953 ta fito a matsayin mace mai hawa doki da harbin bindiga, waƙar Secret Love da ta yi a ciki ta ci lambar Oska. A 1955 ta yi Love Me or Leave Me tare da James Cagney, wanda da yawa ke ganin nan ta fi nuna gwaninta. Abin mamaki, labarin wata mawaƙiya ce ta gaske, Ruth Etting, wadda mijinta kuma manajanta ya kankane rayuwarta. Doris ta fito a matsayin matar, ta yi kukanta a gaban kyamara, ta koma gida ba ta ga kanta a madubin ba. A 1956 Alfred Hitchcock ya sa ta a The Man Who Knew Too Much, wanda aka ɗauki wani sashe nasa a Marakish ta ƙasar Maroko. A can ta ga dabbobin da ake aiki da su a rame, ta ce ba za ta ci gaba ba sai an ba su abinci, aka kuwa ba su. A wannan fim ɗin ta yi Que Sera, Sera, waƙar da har gobe in an ambace ta ita ake tunawa. Bayan Pillow Talk da ta yi da Rock Hudson a 1959, sai ta zama ta ɗaya a duk Amurka wajen jawo 'yan kallo sinima, maza da mata, a 1960, da 1962, da 1963, da 1964. Jimilla ta yi fim 39.

To alamar ta fara bayyana tun kafin a kai ƙarshe. A shekarun baya-bayan nan na aurensu, sai ta riƙa samun kanta a finafinan da ba ta so, kamar Caprice na 1967. Ta karanta labarin ta ce bai yi mata ba, aka ce ai an riga an sa hannu. Ni a ganina nan ne wurin tsayawa. Macen da ta fi kowa kasuwa a Holiwud, me zai sa a riƙa tura ta aikin da ba ta so kamar mai neman na cefane? Ina kuɗin baya suka tafi? Ba ta tambaya ba, ta yi fushinta ta je ta yi aikin.

Ranar 20 ga Afrilu, 1968, Melcher ya mutu da ciwon zuciya, bayan shekara 17 da aurensu. Terry ne ya zauna ya buɗe takardu. An kwashe kuɗin an zuba a rijiyoyin mai, da kiwon shanu, da manyan otal-otal, duk sun nutse. Abin da aka ƙiyasta ya salwanta ya kai dala miliyan 20, ga bashin kusan rabin miliyan a kanta. Bai tsaya nan ba, ta tarar mijin ya sa mata hannu a kwantiragin wani shirin talabijin na gidan CBS, ita kuwa ba ta ma son aikin talabijin. Tana cikin zaman makoki ta share hawaye ta tafi, don da kuɗin shirin za a biya bashi. Shirin, The Doris Day Show, ya yi shekara biyar, daga 1968 zuwa 1973.

A 1969 ta kai lauyan ƙara. Aka yi kusan kwana 100 ana zaman kotu, a 1974 alƙali ya same shi da cin amanar wadda yake wa aiki, ya yanke a biya ta sama da dala miliyan 22. Amma hukunci daban, kuɗi a hannu daban. Abin da ta samu bai wuce kamar miliyan 6 ba, daga kamfanonin inshora, shi ma kaɗan-kaɗan cikin shekaru masu yawa. Lauyan ya yi ta ɗaukaka ƙara, sai a 1987 aka ƙwace lasisinsa.

Shin mijin da saninsa aka yi? Ita dai ta fito fili ta ce ba ta ganin da gangan ya cuce ta, yarda ya yi da wanda bai kamata ba. Kuma wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Ba lallai sai miji mugu ne dukiyar mace ke salwanta ba. Ita ta yarda da shi ba ta duba ba, shi ya yarda da lauya bai duba ba, aka rasa mai dubawa. Don haka kada wata ta kashe rediyo ta je ta tare maigida da zargi, ta ce ni na aike ta. Abin da nake nufi ya fi haka sauƙi. Ke da kike soya ƙuli-ƙuli ko murza taliya a cikin gida, ba kya zuwa kasuwa, dole ta hannun wani kuɗinki ke fita su dawo, ko maigida, ko ƙane, ko ɗa. Tunkiyar da kika ba da kiwo a ƙauye, yanzu sun zama nawa? Filin gadonki da aka ce an sayar an juya miki kuɗin, da sunan wa aka rubuta takardar? In aka kawo takarda aka ce dangwala yatsa, ba rashin kunya ba ne ki ce a karanta miki tukuna, in da hali ma mutum biyu daban-daban su karanta. Doris ta iya karatu sarai, ba ta dai karanta ba ne.

Bayan ta gama biyan bashi ta janye daga fim gaba ɗaya. A 1975 aka buga littafin tarihinta da ta yi tare da marubuci A. E. Hotchner, inda ta faɗi dukan da ta sha da asarar da ta yi, mutanen da suka saba ganinta tana murmushi a majigi suka riƙe baki. Ta sake aure na huɗu a 1976, shi ma ya mutu bayan 'yan shekaru. Ta koma garin Kamel a bakin teku a jihar Kalifoniya, ta kafa gidauniyar kula da dabbobi a 1978, gidanta cike da karnukan da aka tsinto a titi. A 2004 gwamnatin Amurka ta ba ta babbar lambar yabo ta farar hula, ba ta je karɓa ba saboda tsoron jirgin sama, a shekarar kuma Terry ya mutu da ciwon daji. A 2011, tana da shekara 89, aka fitar da kundin tsofaffin waƙoƙinta da ba a taɓa saki ba, ya shiga jerin goma na farko a Ingila. Ta mutu ranar 13 ga Mayu, 2019, tana da shekara 97, ta bar wasiyyar kada a yi mata taron makoki, kada kuma a kafa allon suna a kabari.

Lokaci ya yi mana halinsa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a gaida yara, a gaida maigida.